Landirobar Baba Saje

Wani gareji ne a Ƙofar Ruwa, Kano. Baba Saje, tsohon soja, ya sa an jawo masa tsohuwar Landirobar soja da ya saya a gwanjo. Kaza ma ta riga ta yi ƙwai a kujerar baya.

SAJE: Ka gan ta nan? Irinta na tuƙa tun daga 1967 har aka gama yaƙi a 1970. Ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba.

BAKANIKE: Baba, ai yanzu kan ma babu. Ka taka birki mu gani.

SAJE: (ya taka, feda ta tafi har ƙasa ba ta dawo ba) Ka ga ladabi! Ta gane mai gidanta.

BAKANIKE: Wane ladabi? Robobin birki ne suka ruɓe, man ya tsiyaye tun zamanin sulai. Ɗanliti, kawo jak, ɗaga tayar baya.

SAJE: (ya zauna daram, ya zaro taba da ashana) Ku yi aikinku, ni zan sa ido.

BAKANIKE: Innalillahi! Baba, don Allah ɗaga kushin ɗin da kake kai.

SAJE: (ya ɗaga, ya leƙa) Af! Murfin tanki. Wallahi na manta a ƙarƙashin direba suke sa shi.

ƊANLITI: Shekara uku kana zaune a kan fetur, Baba?

SAJE: Lokacin taba-gari nake ci, ɗan nema.

Ɗanliti ya ɗaga taya, Bakanike ya shige ƙarƙashin mota da sifana a baki.

BAKANIKE: Kai, ka sa waji, ka tokare taya?

ƊANLITI: Oga, na ja hambirki har wuya.

BAKANIKE: Hambirki? Hambirkin Landiroba ba taya yake kamawa ba, furofela yake riƙewa, sandar da ke juya tayoyin baya! In taya ɗaya ta bar ƙasa...

Bai ƙarasa ba, mota ta ce ƙiii. Bakanike ya mirgino waje kamar buhun gero, jak ya yi tsalle, taya ta taka hularsa ta mai da ita waina. Garejin kuwa, ban faɗa muku ba, a kan gangare yake.

SAJE: (yana riƙe da sitiyari) Ta tashi! Ban ce muku ba? Ko makulli ban murɗa ba!

ƊANLITI: (yana bin ta da dutse a ka) Baba, sa giya!

SAJE: Soja ba ya karɓar oda daga farar hula!

Mota ta wuce mai shayi da taku ɗaya, ta kifar da bokitin mai awara, ta je ta soka hanci a tsibin ƙarafan wani ɗan gwangwan. Kaza ta fito ta taga tana kyarkyara.

ƊAN GWANGWAN: (ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa) Sannu da zuwa, Baba. Jikin nan alminiyam ne, kuɗinsa daban. Har gida ka kawo mini? Yaro, ɗauko sikeli.

BAKANIKE: (yana kaɗe hula) Ka auna har da direban.