Gaskiya Ɗaya Cikin Ƙarya Ɗari

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa an faɗa wa Manzon Allah (SAW) cewa bokaye kan faɗi abu wani lokaci ya tabbata, sai ya bayyana cewa kalmar gaskiya ce aljani yake fizgowa ya zuba a kunnen abokinsa, su kuma su cakuɗa ta da ƙarya ɗari. Wannan gaskiya guda ita ce ƙugiyar da ake kama mutum da ita.

Ko wanda ba musulmi ba ya hango haka. A wasan kwaikwayon Makbet, wanda Shekisfiya ya rubuta a Ingila wajen 1606, matsafa mata uku sun tare wani jarumin Sikotilan mai suna Makbet yana dawowa daga yaƙi, suka yi masa albishir da sarautar yankin Kawdo, da kuma mulkin ƙasa a nan gaba. Bai jima ba manzannin Sarki Dankan suka iso da labarin naɗinsa a Kawdo, kuma daga ranar zuciyarsa ta koma hannun matsafan. Da zugar matarsa ya kashe sarkin yana barci, alhali baƙonsa ne a gidansa, sannan ya sa aka kashe amininsa Banko.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗuwa ta biyu, domin wannan karon da ƙafarsa ya je neman su. Aka shaida masa cewa babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa tudun Dansinen, inda fadarsa take. Ya ji kamar an ba shi layar da ƙarfe ba ya ci, tsoro ya fita daga ransa, har ya sa aka hallaka matar wani basarake mai suna Makdaf da 'ya'yansa. Allah Madaukaki Ya faɗa a Suratul A'araf, aya ta 99, cewa babu mai amince wa makircin Allah face mutane hasararru. Ɗan'uwa mai zuwa wurin boka don kujera ko kasuwa, ka sani Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba, tun kafin a zo kan gaskata shi.

Mayaƙan Malkom, ɗan sarkin da aka kashe, sun sari rassan Birnam suka riƙe a gabansu don ɓoye yawansu, sai mai gadi ya ga daji yana tafiya. A fagen fama kuma Makdaf ya sanar da Makbet cewa farke cikin mahaifiyarsa aka yi aka ciro shi kafin lokacin haihuwa. A nan Makbet ya tsine wa matsafan masu harshe biyu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, Makdaf ya sare kansa ya kai gaban Malkom.