Ganawar APC ba jarrabawar hadda ba ce

Da yawa daga masu neman shaidar ƙwarewa ta RICS, ƙungiyar safiyoyi da ke Birtaniya, sun ɗauka ganawar ƙarshe ta APC (tsarin tantance ƙwarewa da ake bi kafin a ba da shaidar) hadda take so. Ba laifinsu ba ne, haka makaranta ta saba mana. Amma yawan jin maganar ya fara damuna.

Awa ɗaya ake yi, minti 10 daga ciki kai ne za ka gabatar da aikin da ka rubuta rahotonsa. Yawancin tambayoyin daga takardunka suke fitowa. In ka rubuta cewa ka ƙiyasta darajar wani gini, za a tambaye ka dalilin bin hanyar da ka bi, da shawarar da ka ba mai ginin. Wannan kuwa babu shi a littafi. Ƙa'idojin ɗa'ar aiki kam dole ka san su sosai, domin su kaɗai suna iya kayar da mutum.