Kafin katafila ta shigo

Labarin yadda hanyoyi, madatsun ruwa da haƙar ma'adinai ke cinye kufai da wuraren tarihi ya sosa mini rai. Babu mai ƙin ci gaba, amma idan katafila ta bi ta kan kufai sau ɗaya, shi ke nan. Ko an tsinci tukwane da ƙasusuwa daga baya, an riga an hautsina ƙasar da masana ke bi hawa-hawa su gane wanne ya riga wanne.

A 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogon dutse biyu a Juukan, ƙasar Ostareliya, inda mutane suka fara zama shekaru 46,000 da suka wuce, don haƙar tama. Kuma da izinin hukuma, abin takaici! Shugaban kamfanin ya sauka, amma me hakan ya gyara?

Masar kuwa, da taimakon UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yanka gine-ginen Abu Simbel, tsofaffin wuraren bauta na zamanin Fir'auna, gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, ta ɗaga su sama don kada ruwan madatsar Aswan ya shanye su. Ashe ana iyawa.

Don Allah doka ta tilasta binciken kayan tarihi a ƙasa kafin a ba da kwangila, mai aikin ya biya kuɗinsa, a kuma saurari mazauna wurin.