Futurama ta ƙare tun 2013, a bar ta ta huta

Jiya da dare a fadarmu nan unguwar Zariya, ana zuba shayi na biyu ƙanena ya miƙo min waya wai Yaya ga sabon zangon Futurama na sauke, shi murna yake ni kuwa raina ne ya ɓaci. Tun 2023 da kamfanin Hulu mai nuna finafinai ta intanet suka tono katun ɗin nan na Amurka nake fama da wannan haushi, kuma ba su da niyyar tsayawa, sai ƙara zango suke.

Don Allah wanda ya kalli kashin ƙarshe na 2013 ya gaya min me ya rage a faɗa. Farfesa Farnsworth ya ƙera wani ɗan maɓalli mai mayar da lokaci baya da sakan 10, Fry, jarumin shirin, ya ɗauke shi a ranar da zai nemi auren Leela, maɓallin ya fashe, duniya kaf ta tsaya cak babu mai motsi sai su biyu. Suka yi aurensu, suka zaga duniya da ƙafa har furfura ta rufe su. Wannan fa Fry ne, yaron da ke kai wa mutane pizza a New York, ya faɗa injin daskarewa daren 31 ga Disamba 1999 ya farka bayan shekara 1000 ba uwa ba uba ba kowa da ya sani. Lokaci ne ya ƙwace mishi komi, kuma lokacin ne a ƙarshe ya tsaya ya bar shi ya tsufa da matar da ya daɗe yana bi. Da Farfesa ya dawo ya ce zai mayar da su baya amma ba za su tuna komi ba, Fry ya tambaye ta ko su sake zagayowa, ta ce ta yarda. Wallahi duk sanda na kalli wurin nan sai idona ya cika.

Masu cewa ai an taɓa tsayar da ita a 2003 ta dawo kuma ta yi daɗi sun manta tashar talabijin ta Fox ce ta yanke ta a tsakiyar hanya, lokacin Leela ma ba ta ba Fry amsa ba. Masu cewa indai Bender, mutum-mutumin nan na cikin shirin, na ba da dariya a ci gaba, su kam dariya kawai suka zo nema, labarin bai dame su ba.

Abin da ke ƙona min rai, duk wani sabon kashi da aka ƙara yana rage wa waccan tsufar daraja, sai ta koma kamar hutun rabin lokaci, an mayar da su samari an ce to ku koma bakin aiki. Ciwon da muke gani ne a finafinan Hausa masu dogon zango, labari ya kai gaɓa amma tunda kuɗi na shigowa sai a ƙirƙiro sabuwar kishiya a ja mu wata shekara. Kamfani ya ga suna mai kawo masu biyan abonma, shi ke nan magana ta ƙare wajensu.

Matt Groening da ya ƙirƙiro shirin ba ya rasa basira, in aiki yake so ya kawo sabon labari da sababbin mutane, ko a ware wa Bender nashi shirin can daban. Ni dai na ce wa ƙanen nawa ya kawo katin memorinshi in zuba mishi daga 1999 zuwa 2013, in ya kai wurin da tsofaffin nan biyu suka yarda su sake zagayowa ya kashe wayar.