Karatun falsafar addini ba barin imani ba ne

A nan Jos, da zarar yaro ya ce ya samu gurbi a Sashen Addini da Falsafa na jami'a, sai ka ji wani kawu ya ce, "Ba shi ne karatun da ke raba mutum da Allah ba?" Wannan magana tana damuna, domin kuskure ce.

Neman hujjar samuwar Allah ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya karanta Ummul Barahin na Shehu Sanusi a zaure ya gamu da shi: duniya fararriya ce, kuma duk fararre sai da wanda ya farar da shi. Hujjar hankali ce zalla, irin wadda ake tattaunawa a aji. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya soki masana falsafa irin su Ibn Sina, amma sai da ya karance su tsaf, kuma da manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja da hankali, ya yi musu raddi. Maƙwabtanmu Kirista ma suna da hujjoji 5 na samuwar Allah daga malaminsu Toma Akwinas.

Gaskiya ne ana kawo tambayoyin masu musu, kamar me ya sa ake shan wahala alhali Allah mai jinƙai ne. Ana karanta su ne tare da amsoshin malamai, ɗalibi ya auna ƙarfin kowanne.