Masu cewa karanta ƙwayoyin halittar sauro almubazzaranci ne

Tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025, kuɗin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya ja baya, wata magana ta fara yawo a bakin masu tsara kasafin lafiya da 'yan sharhi. Wai a zuba ɗan abin da ya rage a gidan sauro da magani, bincike ya jira sai hali ya yi. Abin da suka fi nuna wa yatsa shi ne aikin karanta ƙwayoyin halittar sauro, wai ƙawa ce kawai ta malaman jami'a. Maganar tana da daɗin ji, har tana kama da tausayin talaka. Amma duk mai faɗar ta a yanzu, ko dai bai san da Anopheles stephensi ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai.

Wannan sauro ɗan Kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. A 2012 aka fara ganinsa a Afirka, a Jibuti, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu maleriya 27 kacal, tana shirin bankwana da cutar. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An gano sauron a Habasha da Sudan a 2016, Somaliya a 2019, jihar Gombe ta Najeriya a 2020, sai Kenya da Gana a 2022. Wani nazari da masanan Jami'ar Oxford suka jagoranta a 2020 ya ƙiyasta cewa ƙarin mutum miliyan 126 a biranen Afirka za su shiga haɗari in ya bazu.

Duk dabarun da muke taƙama da su an ɗinka su ne daidai jikin Anopheles gambiae da danginsa: sauron karkara, mai ƙyanƙyasa a kududdufin damina, mai shiga ɗaki ya yi cizo cikin dare. Baƙon ɗan birni ne. Tankin ruwa, duro, ramin da magina ke tara ruwa, tsohuwar taya, duk gidansa ne, don haka rani bai dame shi ba. Yana hutawa a garken dabbobi, yana cizo a waje tun kafin a kwanta, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar maleriya iri biyu, falciparum da vivax, duka. A birnin Dire Dawa na Habasha an samu masu cutar 205 a duk shekarar 2019. Daga Janairu zuwa Mayun 2022, cikin rani, an samu sama da 2,400, kuma kusan duk sauron maleriyar da masu bincike suka kama a wurin stephensi ne. Wanda ya ce a sayi gidan sauro kawai a yi shiru, sai ya fara gaya mana wane iri za a saya.

Nan ne masu wannan ra'ayi suke sare reshen da suke zaune a kai. Gidan sauro na yau da kullum da maganin kashe ƙwari na pyrethroid ake jiƙa shi, stephensi na Habasha kuwa gwaji ya nuna yana jure wa wannan magani da wasu da dama. Tambayar ita ce ta yaya. Sauro kan tsira ta hanyar sauyi a wurin da maganin ke kamawa a jijiyarsa, abin da masana ke kira kdr. Yakan kuma tsira ta hanyar yawaita wasu sinadaran jikinsa, dangin P450, masu narkar da gubar kafin ta yi aiki. Da aka duba ƙwayoyin halittar sauron gabashin Habasha, sai aka tarar kdr kaɗan ne, bai isa ya bayyana juriyar da ake gani ba, hankali ya koma kan hanya ta biyu. Wannan bambanci kuɗi ne tsantsa. Gidan sauro mai sinadarin PBO an yi shi ne don ya toshe waɗancan sinadarai masu narkar da guba, akwai kuma mai wani maganin ƙwari daban, chlorfenapyr, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2023. Dukansu sun fi na gargajiya tsada. Ƙasar da za ta sayi miliyoyinsu ba tare da ta san irin garkuwar da sauronta ke riƙe da ita ba, lalube take cikin duhu da kuɗin da ake kukan babu.

Za a ce ai akwai tsohon gwajin nan na zuba sauro a bututu mai magani a ƙirga matattu. Akwai, amma sai an tara rayayyun sauro masu yawa, kuma labarin da yake bayarwa na abin da ya riga ya faru ne. DNA kuwa, wato ƙwayar halittar da ake karantawa, ko daga busasshen sauro ana cire ta, kuma tana nuna sauyin tun yana jikin 'yan ƙalilan, kafin ya mamaye gari.

Sai batun hanya. Kundin halittar wannan sauro ya ƙunshi haruffa sama da miliyan 200, kuma in aka jera na sauron wurare daban-daban ana ganin wa ya haifi wa. Inda ya fara sauka yakan fi yawan bambance-bambance, suna raguwa yayin da yake nausawa gaba. Da haka ne binciken ya nuna asalin na Afirka daga Kudancin Asiya yake, ya kuma nuna Jibuti a matsayin babbar mashiga. Ga mai tsara aiki, wannan shi ke raba tsakanin tura ma'aikata tashar jirgin ruwa da tura su garejin manyan motoci. Sauron Gombe, ta ƙasa ya biyo daga gabas, ko kuwa sabon shigowa ne ta teku? Madubin ɗakin gwaji zai nuna maka zanen fiffikensa ya ce stephensi ne, iyakarsa ke nan. In tsutsa ce ma a hannunka, ko hakan ba lallai ba.

Masu ɗan karatun tarihi cikinsu sukan kawo Birazil. Sauron Afirka ya sauka a birnin Natal a 1930, kuma zuwa 1940 likita Ba'amurke Fred Soper da dubban ma'aikatansa sun kawar da shi da hodar guba mai suna Paris green, ba na'ura ba kwamfuta. Gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne an yi shekara takwas ana sakaci, sai da annobar 1938 ta kashe mutum sama da 14,000 sannan aka tashi tsaye. Kuma wancan sauro bai taɓa haɗuwa da DDT ko pyrethroid na zamani ba, wannan kuwa da juriyarsa ya zo. Wani abin dariya ma, sai a 2008, da aka gwada DNA ɗin samfuran da ke ajiye a gidan tarihi, aka gane arabiensis, ɗan'uwan gambiae, ne suka yaƙa. Su kuma masu ganin sauron da kamfanin Oxitec ya sauya wa ƙwayoyin halitta don rage yawan stephensi, aka saki a Jibuti a 2024, zai gama komai, su jira sakamako kafin su fara guɗa.

In akwai abin zargi a wannan aiki, to yadda ake gudanar da shi ne. A kama sauro a Afirka, a ɗure shi a kwalba, a tura Ingila ko Amurka, sakamako ya fito a mujallar kimiyya bayan shekara biyu ko uku. Wannan ihu ne bayan hari, kuma shi ke bai wa masu cewa almubazzaranci ne bakin magana. Uzurin rashin kayan aiki ya daɗe da mutuwa. Cibiyar binciken ƙwayoyin halitta ta ACEGID da ke Ede, jihar Osun, ce ta fara karanta ƙwayar halittar korona a Afirka a Maris 2020, cikin 'yan kwanaki. Na'urar karanta ƙwayoyin halitta ta MinION, wadda ke shiga aljihu, an yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola a 2015. Injinan da aka saya wa ɗakunan gwaji lokacin korona ba su san bambancin ƙwayar cuta da sauro ba, abin da aka ba su shi za su karanta.

Abin da ya rage aikin gwamnatoci ne, ba na masu ba da agaji ba. A sa layin sa ido kan sauro a kasafin ƙasa, a biya masu leƙa tankuna da duro a biranen tashar jirgi da na kan babbar hanya, a karanta samfurin a cikin nahiyar, a miƙa wa shirin yaƙi da maleriya sakamakon kafin a ba da odar gidan sauro na gaba. Nahiyar da ke ɗauke da kashi 95 cikin 100 na mutum 597,000 da maleriya ta kashe a 2023 za ta iya biyan wannan daga aljihunta, ko da USAID ko babu.