Taragon da zai baro Maraɗi, me za mu zuba masa?

Shekara shida ke nan ina aikin tantance fata a wata majema da ke garin Mojo na ƙasar Habasha, kimanin kilomita 70 daga Adis Ababa. A wannan garin ne babbar tashar tsandauri ta ƙasar take, wato inda jirgin ƙasan Jibuti ke sauke kwantenoni. Duk ranar da muke da kayan fitarwa nakan bi motarmu zuwa tashar, in tsaya a inuwar wata rumfa ina kallon ƙugiya tana ɗaga kwantena tana direwa. Waɗanda suka fito daga teku cike suke maƙil: injuna, yadi, magunguna, kayan gini. Masu komawa kuwa, da yawansu daga ƙarar da suke yi in an dire su za ka gane babu komai a ciki. Wani dattijo mai yi mana fiton kaya ya taɓa nuna mini jerinsu da haɓa, ya ce, "Ka ga waɗannan? Kuɗin dakon iska muke biya."

Maganarsa ce ta faɗo mini a rai da Kawuna ya kira ni daga Maraɗi kwanan baya. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai ɗan nan, kai da kake ganin na can da idonka, wannan dogon da ake jawo mana daga Kano, alheri ne ko kuwa surutun gwamnati ne?" Na ce, "Allah ya ƙara muku lafiya Kawu, alheri ne. Amma dogo hanya ce kawai, kayan da za a ɗora masa sai an tanada."

Ina goyon bayan layin Kano zuwa Maraɗi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairun 2021, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar da ta kusa dala biliyan 2, ake ta cewa wai ya kwashi kuɗin Najeriya zai yi wa danginsa na Nijar hanya. Mai wannan magana bai duba taswira ba. A cikin kilomita 284 na layin, mafi yawansa a Najeriya yake: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan a tsallaka, ga kuma reshen da zai tafi Dutse. Bai kuma san tarihi ba. Har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa, domin Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi ne suka kafa sarautar. Mahaifina Bakatsine ne, mahaifiyata 'yar Maraɗi. Wake da riɗi da aya da dabbobin da ke cika Dawanau da kasuwannin kara ba daga sama suke faɗowa ba, haka atamfar Kwari da kayan Singa da ke rumfunan Maraɗi. Kasuwa ɗaya ce, Turawa suka ja layi a tsakiyarta.

Abin da ya sa nake kwatanta mu da Habasha shi ne halinta ɗaya da Nijar: ba ta da teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan da take shigowa da su ko fitarwa ta Jibuti suke bi. Layin dogon da suka gina daga Adis Ababa zuwa Jibuti, mai tsawon kilomita 750 da 'yan kai, mai aiki da lantarki, an buɗe shi a 2016, ya fara jigilar kasuwanci a Janairun 2018. Kamfanonin ƙasar Sin ne suka gina, da bashin bankin Sin. Tafiyar da tirela ke kwana uku tana yi, jirgi na iya yin ta cikin yini guda.

Amma ba saurin jirgin ne ya fi burge ni ba. Ƙasashen biyu sun kafa kamfani guda na haɗin gwiwa da ke riƙe da layin, Habasha na da kashi 75, Jibuti na da 25. Habasha na sayar wa Jibuti wutar lantarki tun 2011, ta kuma ja mata bututun ruwan sha. Kowa ya riƙe wa kowa wani abu, saboda haka ko shugabanni sun ɓata, babu mai saurin kai hannu ga makullin iyaka. Sannan gwamnatin Habasha ba ta tsaya ga ƙarfen dogo ba. Ta gina unguwannin masana'antu da kuɗinta, a Adama da Dire Dawa da Hawasa da wasu garuruwan, ta kafa rumfuna, ta ja wuta da ruwa, ta ajiye kwastan da banki a ciki, ta ce wa masu jari ku zo da injinku kawai.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Sun yi kurakuran da nake so mu kauce musu. An buɗe layin ba tare da an haɗa shi da ma'ajiyar man fetur ba, sai tankoki suka ci gaba da cin titi alhali ga dogo a gefe. Hawasa, wadda ta fi kowace unguwar masana'antu suna, ba ta kan layin. Sai an ɗora tufafin a mota an kawo nan Mojo. Bashin ya yi nauyi har sai da aka roƙi Sin ta tsawaita wa'adin biya daga shekara 10 zuwa 30 a 2018. Wani rahoto na jami'ar New York a 2019 ya nuna ana biyan 'yan matan da ke ɗinki albashin dala 26 a wata, abin da ko kusa ba na fata a yi wa ƙannenmu. Da yaƙin Tigray ya sa Amurka ta cire Habasha daga tsarin AGOA, mai ba wasu ƙasashen Afirka damar kai kaya Amurka ba haraji, a Janairun 2022, dubban ma'aikata suka rasa aiki, domin an gina masana'antun ne a kan kasuwa ɗaya da ke hayin teku, audugar da yadin ma galibi daga waje ake kawo su. Abin aro ba ya rufe katara.

Nan ne nake ganin mun fi su sa'a, in da za mu gane. Mu kasuwarmu tana ƙofar gida, ɗanyen kayan ma namu ne. Bari in yi maganar abin da na sani. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, duk mai sana'ar nan ya san babu kamarta wajen laushi da ƙarfin fuska; ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayari ke kai musu ita. A 2008 Habasha ta ɗora harajin kashi 150 cikin 100 a kan fitar da ɗanyar fata da wadda aka yi wa rabin jima, don ta tilasta a ƙarasa aikin a gida. Matakin ya yi tsauri, wasu ƙananan majemu ba su kai labari ba, kuma kogin Mojo ya sha dattin da kogin Challawa ya sha. Duk da haka a 2012 wani kamfanin Sin mai suna Huajian ya buɗe masana'antar takalma a Dukem, nan kusa da mu, yaran ƙauye suka koyi yanka da ɗinki. Mu kuwa majemun Challawa da Sharaɗa da suka rage suna fama da janareta, fatar da suka jeme ta tafi Italiya da Sifaniya, ƙirgin shanu ya tafi tukunyar ganda, takalmi ya dawo mana a kwantena. In aka gama dogo a haka, abin da za mu samu shi ne hanya mafi sauƙi ta shigo da kayan wasu har Maraɗi, taragai su koma Legas suna ƙara irin wadda nake ji a nan.

Tsohon dogo ya rayu ne saboda yana da abin ɗauka. Ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, duk gyaɗa da auduga da fata yake bi. Gyaɗar Maraɗi ma ta Kano take fita, kafin Faransawa su karkatar da ita zuwa Kwatano a shekarun 1950. Da dalar gyaɗa ta rushe, masaƙun Kaduna da na Bompai suka bi baya, ciyawa ta rufe layin. Nijar ma tana da nata darasin: dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, an yi bikinsa a 2016, amma bai haɗu da komai ba, bai ɗauki komai ba. Namu ma sai mun yi hattara. Sabon layi ya tashi daga Legas ya tsaya Badun a 2021, na Abuja ya tsaya Kaduna, na Kaduna zuwa Kano ana kan aiki, tsakanin Badun da Abuja kuwa akwai giɓi. Ɗan kasuwar Maraɗi ba zai bar tashar jiragen ruwan Lome da yake bi ba don jirgin da zai sauke shi a rabin hanya.

Sai babbar maganar, wadda ta fi ƙarfe da siminti: iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 na bukatarta daga gare ta, ba a buɗe ba sai a Maris ɗin 2024. A lokacin Kawu yana da mota guda ta fatun akuya da aka barbaɗe da gishiri, ta tsaya kafin ta tsallako. Damina ce. Ya ce da aka yaye tamfal bayan makonni, ya sa yatsa ya shafa ta sama, gashin ya biyo hannunsa, cikin kuwa ya yi jajajan tabo. Duk wanda ya san fata ya san ta gama. Jarin shekara uku ya tafi a wannan motar. Yanzu Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025. Wane mai hankali ne zai kafa injin matsar riɗi ko majema a kan hanyar da saɓanin shugabanni zai iya toshewa cikin dare ɗaya?

Shi ya sa abin da nake nema daga Abuja da Yamai bai tsaya ga ranar yanke ƙyalle ba. A kafa kamfani ɗaya da ƙasashen biyu za su mallaka, a rubuta cewa jirgin kaya zai wuce ko da siyasa ta yi tsami. Kwastan na ɓangarorin biyu su zauna a ɗaki ɗaya tsakanin Magama da Ɗan Isa, a duba kaya sau ɗaya. A ja 'yan rassa zuwa cikin Dawanau da Challawa da tashar tsandauri ta Dala tun yanzu, kada a maimaita kuskuren Hawasa. Iskar gas ta bututun AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, in ta iso Kano, masana'antu su fara sha kafin kowa. Gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina kuma su daina jiran Abuja; fili da ruwa da wurin tace dattin majema aikinsu ne, kuma kusa da tasha ya kamata su kasance, ba a mahaifar wani babba ba.

Na zayyana wa Kawu wannan duka, har katin wayarsa ya kusa ƙarewa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "In dai za su bar boda a buɗe, a kuma samu wuta a Challawa, ni da abokan cinikina za mu cika tarago guda duk mako, daga kasuwannin ƙauye kaɗai." Na ce masa in haka ta tabbata, zan tattara nawa ya nawa in dawo, ni zan riƙa tantance masa fatun a bakin tasha.